Takalmin Ardis a Kan Turke

Shekara talatin da ɗaya na yi ina cin abinci da takalmin wata mata, ban taɓa tambayar ko mai shi tana raye ba.

Sunana Lenore Vasko. Adabin ƙasarmu nake koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio, kuma fannina shi ne alama. Marubutanmu, in ka lura, ba sa son faɗin magana baki da baki. Jikokin mutanen da ke neman hannun Allah a cikin komai ne, ko tsawa ce ta faɗi ko saniya ce ta ƙi cin ciyawa. Da suka koma rubuta labari, sai suka riƙa ɗora wa kaya abin da bakinsu ya kasa ɗauka. Kogi ya ɗauki wani abu, doguwar hanya ta ɗauki wani, tsohon gidan da babu kowa ya ɗauki nasa. Ni kuma ana biyana albashi in sauke kayan a gaban yara, in kwance, in ce ga abin da ke ciki. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Na kuma san na iya, kuma nan ciwon yake.

Littafin da ya yi mini suna shi ne Doguwar Ciyawa. Wani makiyayin shanu ne ya rubuta shi a tuddan yashi na Nebraska, Orval Dunmire, kuma bai sake rubuta wani ba har ya rasu. A cikin kwalin tsofaffin littattafai na tsince shi ina ɗaliba, ba wanda ya san da zamansa. Labarin ba shi da yawa. Wata budurwa ta bar ƙofar shinge a buɗe ranar da guguwar ƙanƙara ta taso. Shanu suka fice, ƙanenta ya bi su a kan doki, ba a same shi ba sai bayan kwana uku. Yarinyar ta bar gida. Uban ya ɗauki ɗaya daga cikin dogayen takalmanta na fata, ya kai shi bakin titi ya kifa a kan turken ƙofar. Sau goma sha uku yake komawa wajen takalmin nan kafin littafin ya ƙare.

Ina shekara talatin da biyu na rubuta maƙala a kai. Na ce takalmin hukunci ne. An kifa shi, kai ƙasa, a daidai inda ta yi laifi, kamar yadda makiyaya ke rataye gawar dila a shinge don 'yan'uwanta su gani. Daga nan na buɗe fuka-fuki, na ce ƙasarmu ce gaba ɗaya, uwar da ke korar 'ya'yanta sannan ta kafa alamarsu a kan iyaka. Maƙalar ta yi daɗin karatu. Wata babbar mujalla ta buga ta, aka sake buga littafin, malamai a jihohi da dama suka riƙa koyar da shi da bakina. Na taɓa zuwa Nebraska sau ɗaya, amma a babban gari na tsaya, a ɗakin ajiye takardu. Takarda na je gani, ciyawa ba ta dame ni ba.

Wata Asabar cikin watan Mayu, ɗakin karatu na garinmu suka gayyace ni in yi wa jama'a jawabi da hantsi. Mutum ashirin da 'yan kai ne, yawancinsu kofi da biskit suka zo sha. A layin gaba akwai wata tsohuwa 'yar siririya, da tabarau mai kauri da sanda, ta rungume wani abu a cikin ledar burodi. Ba ta tafa ba da na gama. Ta jira kowa ya watse, sannan ta taso a hankali.

"Ke ce Vasko ɗin?"

"Ni ce."

"Na zaci za ki fi haka tsawo. Rubutunki na dogayen mutane ne." Ta jawo kujera ta zauna ba tare da an ce mata ba. "Takalmin nan da kike ta bayani a kai, lamba shida ne, ƙafar hagu. Akwai ɗinki a dunduniya. Ni na yi shi, kuma ban iya ɗinki ba."

Na tsaya da takarduna a hannu kamar an dasa ni.

Sunanta Ardis Kopecky, amma an haife ta Ardis Dunmire. Shekararta saba'in da biyar. Sunan ƙanenta Lyle, yana da shekara goma sha biyar. Ta ba ni labarin a gajarce, ba kuka ba kwalliya. Ranar da aka binne yaron, ubanta ya dube ta a bakin kabari ya ce, "Da kin rufe ƙofa." Bai ƙara ko kalma ba. Washegari ta shiga motar mai kai wasiƙa da takalmin coci a ƙafarta, ta bar na aiki a baranda. Ba ta rubuta wa kowa inda take ba. Ta yi aikin jinya, ta yi aure, sunanta ya canja, ta ɓace cikin Ohio shekara hamsin da shida.

"Ban san ya yi littafi ba sai da ya shekara takwas a ƙasa," in ji ta. "A wajen likitan haƙori na gani, a mujalla, da hotonki kina ta murmushi. A cikin wancan watan na sayi tikitin bas zan je in ga kabarinsa. Na karanta abin da kika rubuta sau biyu, na mayar da tikitin."

Ta buɗe ledar. Littafin ne, sabo fil, bayansa bai taɓa lanƙwasa ba.

"Na saya dai. A kan firij yake zaune tun lokacin."

"Ba ki karanta ba?"

"Me zan karanta? Kin riga kin gaya mini. Ke ce mai digiri."

Magana zarar bunu ce, an ce, amma ban taɓa ganin bunun da na zara ya dawo ya zauna a gabana da sanda ba. Na fara haɗa wasu kalmomi na malamai, cewa marubuci daban mutumin cikin labari daban. Ta ɗaga hannu.

"Malama, ba faɗa na zo ba. Likita ya ce in na ga lokacin kaka, na gode Allah. 'Yata Joanne ta dame ni da tambayar inda za a sa ni. Mijina ya zaɓi a ƙone gawarsa, tokarsa tana cikin tafki tana hutawa. Can gida, a kan tudu, akwai fili kusa da Mama da Lyle da shi Baban. Ina son in kwanta kusa da Lyle. Amma ba zan je in kwanta kusa da mutumin da ya mutu yana ƙina ba, na raye ma ya ishe ni. Idona ya tafi. Ki zo ki karanta mini wuraren takalmin da bakinki. In yadda kika ce ne, a haƙa mini nan."

Ranar Litinin da safe na je gidanta. Ta zaunar da ni a kicin, ta zuba mini baƙin kofi mai ɗaci, ta zauna ta fuskanci taga da hannuwanta a kan sanda. Wuraren goma sha ukun nan na san su kamar tafin hannuna. Na buɗe na farko na karanta.

"Ya kifa shi a kan turken, ya danna har ya zauna. Ya ja da baya ya duba. Sannan ya dawo ya juya bakinsa ya fuskanci gida."

"Sake," in ji ta.

Na sake.

"Gida ya ce? Ba titi ba?"

"Gida. Wato ya juya wa titi baya, ya juya wa duniyar da kika shiga baya. A maƙalata na nuna cewa..."

"Yi shiru, Malama. Karanta na gaba."

Ba a saba ce mini in yi shiru ba. Na haɗiye, na ci gaba. Na biyu, da safe ya tarar iska ta karkata takalmin, ya gyara. Na uku ma haka. Na huɗu, cikin ƙanƙara, ya share masa kai da hannun riga. Duk lokacin da na kai kalmar gida sai in ga yatsunta sun ƙara matse sandar. Na biyar shi ne wurin da ɗalibaina ke dariya, inda wani maƙwabci ya tare mutumin a kantin gari.

"Mil huɗu na shigo jiya, Allah ya sani, karenka kawai na tarar. Karo na uku ke nan. In za ka fita, ka juya abin nan mana, don girman Allah."

Ardis ta yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko shaƙewa.

"Rasmussen ke nan. Haka yake magana, kullum Allah ya sani. Me Baba ya ce masa?"

"Bai ce komai ba. An rubuta, ya biya kuɗin gishirin shanunsa ya fita."

"Ke kuma me kike gaya wa yara a nan?"

"Cewa maƙwabta sun fara ganin ya zautu. Suna so ya cire abin, ya haƙura."

Ta juyo da fuskarta gare ni, idanun nan da ba sa gani sosai sun cika tabarau.

"Ba cirewa ya ce ba, juyawa ya ce. Yarinya, ke ba ki taɓa zama inda gida ke nesa da titi ba, ko? Daga ƙofarmu zuwa gida mil huɗu ne na yashi. Ba waya a lokacin. Wa zai kashe mai da taya ya shiga ya tarar ba kowa? Sai a kifa tsohon takalmi a kan turke. In za ka fita, ka juya bakinsa ya dubi titi. In ka dawo, ka juya shi ya dubi gida. Duk mai wucewa ya san ko ya shiga ko ya wuce. Ɗan shekara biyar ya san wannan a wajenmu."

Na dubi shafin. Kalmomin da na yi shekara talatin ina karantawa suna nan yadda suke, ba abin da ya motsa.

"Yana cewa yana gida," na ce.

"Da takalmina. Nasa tsoho yana nan a kan turken tun ina yarinya. Ya cire nasa ya sa nawa. Kuma ko ya fita ba ya juyawa. Shi ya sa Rasmussen ke faɗa. Baba, wanda ko agogo ya yi ƙarya sai ya yi masa wa'azi, ya zauna yana yi wa gunduma guda ƙarya da takalmi."

"Don kada ki zo wucewa ranar da ya je gari, ki ga ba ya nan, ki wuce."

"Ashe kina da kai. Karanta na ƙarshe."

Na ƙarshen shi ne wanda na gina rabin maƙalata a kansa. Mutumin ya tsufa, ciwo ya kama shi, maƙwabci ya ɗauke shi a mota zai kai shi asibiti. A bakin ƙofa ya ce a tsaya. Ya fito da guduma da ƙusa biyu daga aljihu.

"Ya daidaita bakin ya dubi gida, ya buga ƙusa ta farko ta cikin tafin. Ya huta. Ya buga ta biyu. Ya gwada da hannu, bai juya ba. Ya ce, to, mu je."

A maƙalata na kira wannan buga hatimi a kan hukunci. Na ce ƙusa biyun nan su ne ƙusoshin akwatin gawa. Ɗalibai sun rubuta haka a jarrabawa, na ba su maki. A kicin ɗin nan, da ƙarar firij a bayana, sai na ga abin da ɗan kiwon nan ya yi. Ya san ba zai dawo ya riƙa gyarawa ba, kuma iskar Nebraska ba ta da amana. Bai bayyana ba ko a layi ɗaya, don mai karatu guda yake nema a duk faɗin ƙasar, kuma ita ba ta bukatar bayani. Ya sa littafi cikin duniya kamar yadda ya sa takalmi a bakin titi, ko za ta wuce ta gani. Ni ce na zo na tsaya a gaban turken da faɗin bayana.

Sai na tuna wata ɗaliba, shekara goma sha biyu da suka wuce, 'yar Wyoming mai jan gashi. Ta ɗaga hannu ta ce, "Farfesa, a gonarmu in aka sa takalmi..." Na katse ta. Na ce ba tarihin gonarku muka zo ji ba, adabi muke yi. Ajin ya yi dariya. Ba ta sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare.

"Ki yafe mini," na ce wa Ardis. "Na cuce ki shekara talatin da ɗaya."

"Kin cuce ni," ta ce, ba ta sassauta ba. "Amma lokacin ina da ido, kuma littafin yana kan firij. Tsoro ne. Kin ba ni dalili, na karɓa hannu biyu." Ta laluba kofinta. "Kada ki yi mini kuka a kicin. Kuma kada ki yi saurin murna. Littafi littafi ne. Mutum na iya rubuta abin da ya so a ce ya yi. Ke da kanki kika ce marubuci daban, na cikin labari daban."

"Na faɗa."

"To motarki tana da lafiya?"

Joanne ta yi ta faɗa, ta ce likita bai yarda ba. Ardis ta ce likita ba ubanta ba ne. Ranar Laraba muka kama hanya da jakar magunguna da sanwici a cikin kwali. Kwana biyu da rabi muka yi. Indiana, Illinois, Iowa, masara sai ka ce ba a shuka komai a duniya sai ita. Ardis tana barci tana farkawa, in ta farka ta soki tuƙina. Wai ina riƙe sitiyari kamar mai jiran a ƙwace mata.

A rana ta uku da hantsi gonaki suka ƙare, muka shiga tuddan yashi. Na karanta bayaninsu a littafin sau ɗari, na ma koyar da cewa ciyawar alamar mantuwa ce. Gani ya kori ji. Tudu bayan tudu, ba itace, ba gida, ciyawa kore-kore tana kwanciya tana tashi har inda ido ya gaza, sama kuma ta sauko ta kowane gefe ta rufe mu. Muka yi minti arba'in ba mu haɗu da mota ba. Na ji na ƙanƙance, ni da digirina da maƙalata. A nan na fara gane dalilin da mutanen wannan ƙasa suke magana da kaya. Inda maƙwabcinka ke nesa da ihu, dole turke ya yi maka magana, kuma dole ya faɗi gaskiya, don ran wani yana iya rataya a kai.

Ardis ta sauke gilashi ta shaƙi iska.

"An yi ruwa jiya," ta ce. "Bayan famfon iska na biyu, ki rage gudu. Hannun dama."

Ba ta iya ganin famfon, amma yana nan, na farko da na biyun. Na rage gudu. Sai ga shinge, ga ƙofar waya, ga sawun taya biyu a yashi sun miƙe cikin tuddai. Na tsayar da motar na kashe.

"Mene ne?" in ji ta. "Ba komai, ko? Faɗa mini. Shekara arba'in da mutuwarsa, fata ba ƙarfe ba ce."

"Akwai takalmi."

Ba ɗaya ba ne. A kan turken ƙofar akwai wani mai ruwan ƙasa, bai wuce shekara biyar a rana ba, mai ƙaramar ƙafa, na mace. A turke na gaba akwai wani da ya fi shi tsufa, ya yi fari ya tsage. Na gaba da shi ya fi shi lalacewa. Na ƙirga takwas, suna jere suna tsufa, na ƙarshe ba abin da ya rage sai tafi da ƙusa biyu masu tsatsa a jikin wani tsohon itace da aka ɗaure da waya a gefen sabon turke. Dukansu gida suke kallo.

Na kama hannunta na kai ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, tana shafa bakin kowanne, tana juya fuska inda ya nuna. A na ƙarshen ta daɗe. Ta laluba dunduniyar, inda ɗinki ya kamata ya kasance, zaren ya ruɓe tuntuni amma ramukan allurar suna nan, a karkace.

"Na gaya miki ban iya ɗinki ba," ta ce.

Muna nan tsaye wata farar akori-kura ta taso daga kudu tana ƙura, ta tsaya. Wata mata ta leƙo, ta kai shekara hamsin, fuska duk rana ta ƙona, da hular kaboyi da kare a gefenta.

"Sannunku. Mota ce ta lalace, ko hoto kuke ɗauka? In hoto ne ku ɗauka, amma kada a taɓa mini takalma."

"Naki ne?" na tambaya.

"Biyar nawa ne, biyu na mahaifiyata. Ni ce Twila Rasmussen, mu ke kiwo a filin nan yanzu. Na ƙarshen can ba namu ba ne, shi ne ma kada a taɓa." Ta dubi hannun Ardis a kan tafin. "Baiwar Allah, da ke nake."

"Wa ya sa ku?" in ji Ardis, ba ta ɗauke hannun ba.

"Kakana. Shi ya kai tsohon mai wurin asibiti. Ya ɗaukar masa alkawari a mota, in wannan ya ruɓe a sa wani, na mace, kuma ya dubi gida. Kaka ya bar wa Baba, Baba ya bar mini. Gidan ma ya rushe, ba kowa ciki sai kaburbura a kan tudu. Masu kawo kaya har yau suna shiga su fito suna zagina." Ta ɗaga kafaɗa. "Wai akwai 'yarsa da za ta zo. Ni dai na ce, Allah ya sani, in tana raye ta kusa tamanin."

"Saba'in da biyar," in ji Ardis. "Kada ki ƙara mini. Kuma bakin kakanki kika ɗauko, Allah ya sani."

Twila ta fito daga motar a hankali, ta cire hularta ta riƙe a ƙirji. Mu uku muka tsaya a bakin titi, iska tana kaɗa ciyawa. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutane ma'anar abubuwa, ranar nan na tsaya a gaban alama tana aikinta, shekara hamsin da shida ba ta yi fashi ba ko na yini ɗaya, kuma abin da na ji tsoro ne irin wanda ake ji a coci.

Twila ce ta fara motsi. Ta share ido da bayan hannu, ta je ta sa kafaɗa ta cire madaukin ƙofar, ta ja wayar gefe.

"Ku shige, Anti. Yashin ya yi tauri, an yi ruwa. Zan biyo ku."

Na sa Ardis a mota, na shige. Twila ta shigo da tata a bayanmu, ta buɗe ƙofar mota za ta sauka ta rufe shingen.

"Tsaya," in ji Ardis. "Ce mata ta bari."

Ta fita da kanta. Ta bar sandar a kan kujera. Taku goma sha biyar ne zuwa ƙofar, ta yi su tana laluben iska da hannu ɗaya. Irin wannan ƙofa waya ce da sanda a baki, sai an ja ta da ƙarfi an rungumi turke kafin madauki ya shiga, ƙarti ma suna nishi a kai. Twila ta yunƙura za ta taimaka, na riƙe mata hannun riga. Ardis ta ɗaga sandar ƙofar daga ƙasa, ta sa gindinta a madaukin ƙasa, ta jingina kafaɗarta yadda aka koya mata tana yarinya. Karo na farko ta kasa. Ta tsaya tana haki, goshinta a jikin turken, dab da takalmin. Karo na biyu madaukin ya faɗa.

Ta girgiza ƙofar ta ji. Ta sake girgizawa.

Da ta dawo ta zauna, numfashinta ya daɗe kafin ya daidaita. Ta ɗauki sandarta ta ɗora hannuwa a kai, ta fuskanci hanyar yashin.

"In mun koma ki kira Joanne, ki ce mata nan ne," ta ce. "Ja mu je, Malama. Yana gida."